Abin Da Ke Sa Gona Ta Gaji, Da Abin Da Ke Farfaɗo Da Ita

Kowane manomi ya san gona tana gajiya. Sau da yawa mu kan ji dattawa suna cewa, gonar da ta cika rumbu biyu a zamanin kakanninmu, yau da ƙyar ta ke cika ɗaya. Ga shi kuwa bakunan da ke jiran tuwo sai ƙaruwa su ke yi. In hatsi ya ƙare tun damina ba ta tsaya ba, sai maigida ya shiga cin bashi, ko ya sayar da akuya, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani.

To, me ke sa gona ta gaji? Ina ƙarfinta ya ke tafiya? Ana iya komo da shi? Kafin mu amsa, sai mu san abubuwa huɗu waɗanda noma ya dogara a kansu, watau rana, da ruwa, da ƙasa, da ita shukar kanta. Za mu ɗauke su ɗaya ɗaya. A cikin kowane darasi akwai abin da za mu iya gwadawa da hannunmu, don kada mu tsaya ga ji kawai. Gani ya kori ji.

1. RANA DA DUNIYA

Duniyan nan da mu ke zaune a kanta ƙwallo ce, kamar lemo, amma girmanta ya sa mu ke ganinta a shimfiɗe. Tana juyawa kamar mazari, juyi ɗaya cikin awa 24. Gefen da ya fuskanci rana shi ke da rana, gefen da ya ba ta baya shi ke da dare. Ban da wannan kuma tana kewaya rana, kewaye ɗaya cikin kwana 365 da rubu'i. Wannan ita ce shekarar da manomi ke lissafi da ita.

Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, amma daga gare ta mu ke samun zafi da haske duka.

Duniya ba a miƙe ta ke juyawa ba, a ɗan karkace ta ke. Sabo da haka rana ba ta tsayawa wuri ɗaya a sama dukan shekara. Ku gwada. Ku kafa sanda a fili, ku riƙa duban inuwarta da tsakar rana. A watan Disamba za ku ga inuwar ta miƙe wajen arewa, gama rana tana kudu da mu. Da bazara kuwa za ku ga inuwar ta taƙure a gindin sandan, gama rana ta zo daidai bisa kanmu. Wannan kai da kawowa shi ke kawo mana damina da rani.

2. INDA RUWAN SAMA YA KE FITOWA

Mu duba tukunya a kan murhu. In ruwa ya tafasa sai tururi ya tashi. In muka ɗaga murfin, za mu ga ɗigon ruwa a cikinsa. Zafi ya mai da ruwa tururi, sanyin murfi kuma ya mai da tururi ruwa. Wanda ya gane wannan ya gane asirin ruwan sama.

Rana ita ce wutar, teku ita ce tukunyar. In aka raba bayan duniya kashi goma, wajen kashi bakwai ruwa ne, yawancinsa kuwa na gishiri ne. Kullum rana tana ɗaga tururi daga teku, gishirin ya zauna a ƙasa. Tururin ya hau sama inda a ke sanyi, ya zama ƙananan ɗigo, su taru su zama girgije. In ɗigon suka haɗu suka yi nauyi, sai su faɗo. Shi ne ruwan sama.

Mu da ke nesa da teku, wa ke kawo mana tururin? Iska ce. Da bazara ƙasashen arewa su kan yi zafi ƙwarai, iskar da ke bisansu ta yi sama, sai iska mai laima ta taso daga Tekun Atilantika, daga kudu maso yamma, ta maye gurbinta. Wani zai ce, ai hadari daga gabas ya ke tasowa. Gaskiya ne. Iskar da ke can sama ita ke tura hadari daga gabas zuwa yamma, amma laimar da ke cikinsa daga teku ta zo.

Iskan nan tana zubar da kayanta a hanya. Shi ya sa kudu ta fi mu ruwa, mu kuma muka fi na arewa da mu. Da za a tara ruwan shekara ɗaya a wuri ɗaya, ba ya gudu ba ya nutsewa, a Fatakwal zurfinsa zai wuce mita biyu, watau ya shanye kan dogon mutum. A Kano yawanci ba zai kai mita ɗaya ba. A Agadas kuwa ko taƙi ɗaya ba zai cika ba.

In rana ta koma kudu sai iska ta juya. Busasshiyar iska ta taso daga hamada, daga arewa maso gabas, ta zo da hazo. Shi ne hunturu. Yawancin ƙurar nan daga wani kwari ta ke tashi a arewacin Cadi, inda babban tafki ya taɓa kwanciya ya ƙafe.

Ruwan da ya sauka a gona hanya uku ya ke bi. Wani ya gudu zuwa ƙorama da kogi. Wani rana ta ɗauke shi ya koma sama. Wani kuwa ya nutse cikin ƙasa. Wanda ya nutse shi ne namu. Shi shuka ke sha, saura ya ci gaba da gangarawa ta tsakanin yashi da tsakuwa har ya iske dutse ko yumɓu wanda ba zai iya ratsawa ba, ya kwanta a nan. In mun haƙa rijiya, wannan ruwan mu ke tararwa. Ashe ruwan rijiya ruwan sama ne wanda ƙasa ta ajiye mana. Sabo da haka ne ma ma'aikatan lafiya ke cewa a nisanta salga daga rijiya, kamar mita 30, gama abin da ya nutse a salga yana iya bin ƙasa ya isa rijiya.

3. ƘASA

Ƙasa daga dutse ta fito. Mu duba manyan duwatsu kamar Kufena a Zariya, ko na Kwatarkwashi. Rana ta gasa su, dare ya sanyaya su, ruwa ya shiga tsagoginsu, saiwar itace ta kutsa ta buɗa su. A hankali sai ɓawonsu ya riƙa ɓantarewa. Dutse ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi, wani kuma ya ruɓe ya zama yumɓu. Aikin nan ba ya sauri. Kafin a sami sabuwar ƙasa mai kaurin yatsa biyu, sai an yi shekaru ɗaruruwa.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku sami farar kwalba, ku zuba ƙasar gonarku har rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai, ku ajiye ta kwana. Da safe za ku ga ƙasar ta rabu hawa hawa. Tsakuwa da yashi suna ƙasa, gama sun fi nauyi. Bisansu akwai laushin ƙasa, sa'an nan yumɓu. A kan ruwan kuma za ku ga baƙin abu yana yawo. Wannan ruɓaɓɓen ganye ne da kashin dabbobi.

Ƙasar jigawa yashi ya yi mata yawa. Tana da sauƙin noma, amma ruwa ya kan wuce ta kamar rariya. Ƙasar fadama yumɓu ya yi mata yawa. Tana riƙe ruwa, amma tana da nauyi, in ta bushe kuma ta tsattsage. Baƙin abin nan shi ke gyara su duka biyu. A jigawa yana riƙe ruwa kamar soso, a fadama yana sassauta yumɓu iska ta shiga. Shi ne kuma rumbun abincin shuka.

In kun duba bakin sabon rami, za ku ga ƙasar bisa ta fi duhu, ta ƙarƙashi kuwa ja ce ko fara. Ta bisan nan, wadda sau da yawa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ita ce ke ciyad da mu. In ta tafi, abin da ya rage fako ne.

4. YADDA SHUKA KE CI

Shuka abu ne mai rai kamarmu. Tana ci, tana sha, tana numfashi, tana girma, tana haihuwa, tana mutuwa. Amma ba ta da baki, ba ta kuwa zuwa kasuwa. To, da me ta ke gina jikinta?

Mutanen dā sun zaci ƙasa ta ke ci. Wani masani a ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, sunansa Fan Helmont, ya gwada. Ya auna busasshiyar ƙasa wajen kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo biyu da ɗan kai. Shekara biyar ba ya ba shi kome sai ruwa. Da ya sāke awo, itacen ya kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta ragu bai fi nauyin ƙwan kaza ɗaya ba. An buga labarin gwajin nan a 1648. Shi ya ce daga ruwa ne itacen ya sami jikinsa. Masanan da suka biyo bayansa suka gano cewa ban da ruwa akwai iska, ita ce ma ta fi ba da nauyin busasshen itace.

Ga yadda abin ya ke. Saiwa tana da ƙananan gashi masu tsotsar ruwa. Ruwan ya bi ta cikin kara ya hau zuwa ganye. A jikin ganye akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ta nan wata iska ke shiga, irin wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi, irin wadda wuta ke fitarwa in tana ci. Koren nan na ganye sai ya kama hasken rana, ya haɗa iskan nan da ruwa, ya yi sukari. Ganye shi ne madafa, hasken rana shi ne wutar girki.

Da sukarin nan shuka ke yin kara da saiwa da fure. Saura ta ajiye. Rake ya ajiye nasa a kara, shi ya sa ya ke da zaƙi. Rogo da dankali su ajiye nasu a ƙasa. Gero da dawa su mai da nasu gari su ajiye a ƙwaya. Tuwon da muka ci jiya, asalinsa hasken rana ne da iska da ruwa.

A cikin girkin nan ganye yana fitar da wata iska mai suna oksijin. Ita ce mu da dabbobinmu mu ke shaƙa mu rayu. Mu ba itace abin da ba mu so, shi kuma ya ba mu abin da ba mu iya rayuwa sai da shi.

Gwaji biyu. Ku kife ƙwarya a kan ɗanyar ciyawa, ku bar ta kwana bakwai. In kun ɗaga za ku ga ciyawar ta yi fari ta yi laushi, gama an hana ta haske. Shi ya sa dawar da ciyawa ta rufe ba ta yin kirki. Na biyu, ku ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye da safe. Kafin la'asar za ku ga ɗigon ruwa a cikinta. Ganye yana fitar da tururi kamar yadda mu ke gumi.

To, in haka ne, ina amfanin ƙasa? Tuwo ba ya ciwuwa sai da miya, miya kuma sai da gishiri. Akwai waɗansu sinadarai da shuka ke sha tare da ruwa. Kaɗan ta ke bukata, amma in babu su ba ta girma. Manyansu uku ne. Naitirojin shi ke sa ganye ya yi kore shar. Fosfaras shi ke ƙarfafa saiwa da ƙwaya. Fotash shi ke ƙarfafa kara, ya taimaki shuka ta jure ciwo da ƙishi. Su ne haruffan nan uku, N da P da K, da mu ke gani a jikin buhun takin zamani. Yanzu da mu ke koyon karatu, sai mu riƙa duba buhu kafin mu biya kuɗi. In an rubuta 15-15-15, ma'anarsa kowane ɗaya kashi 15 ne cikin ɗari. Takin yuriya kuwa naitirojin ne kaɗai a cikinsa.

5. YADDA SHUKA KE HAIHUWA

Kowa ya san namijin gwanda ba ya 'ya'ya, dabino ma akwai namiji akwai tamace. Haka sauran shuke-shuke su ke, sai dai yawancinsu namijin da tamacen suna jiki ɗaya.

Mu duba masara. Tutar da ke bisa ita ce namiji, tana zubo da wani gari mai laushi. Gemun da ke bakin goyon shi ne tamace. Kowane silin gemu yana tafiya ga ƙwaya ɗaya. Silin da garin ya faɗa masa, ƙwayarsa ta cika. Wanda bai samu ba, wurinsa ya zama giɓi. Bununin gero ma irin garin nan ne, iska ke ɗaukarsa daga zangarniya zuwa zangarniya.

Kabewa da kankana kuwa garinsu yana da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Ƙudan zuma ke kai shi daga fure zuwa fure sa'ad da su ke neman zaƙi. Sabo da haka mai fesa maganin ƙwari ya yi hankali, kada ya fesa da hantsi lokacin da zuma ke kan furanni. In ya kashe su ya kashe ma'aikatan da ba ya biya.

6. MASU RAI A CIKIN ƘASA

Ƙasa mai kyau cike ta ke da masu rai. Waɗansu muna ganinsu. Tana tana haƙa ramuka, ruwa da iska su bi. Gara tana jan karmami cikin ƙasa. Buzuzu yana binne kashin shanu. Amma waɗanda ba mu gani sun fi yawa nesa. Wani mutumin Holan, sunansa Lewanhuk, shi ya fara ganin irinsu a 1676, da wani madubi mai ƙara girman abu wanda ya yi da hannunsa. A cikin cokali ɗaya na ƙasa mai taki akwai miliyoyinsu. Ana kiransu bakteriya.

Waɗansu bakteriya suna kawo cuta, amma na gona yawancinsu abokanmu ne. Su ke ruɓar da ganye da kashi da mushe, su kwance sinadaran da ke ciki, su mayar wa ƙasa. Shuka ta sha, akuya ta ci shuka, kashin akuya ya koma ƙasa, wata shukar ta sha. Haka abin ke kewayawa a daji, shi ya sa daji ba ya gajiya ko da ya ke ba wanda ke kai masa taki.

Akwai waɗansu masu aiki na musamman. Ku tuge gyaɗa ko wake mai fure, ku wanke saiwar. Za ku ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta. Wannan ba ciwo ba ne, ɗakunan bakteriya ne. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, suna kan aiki. Iskar da ke kewaye da mu, kusan kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce, amma gero da dawa ba su iya ɗaukarta daga iska. Bakteriyan nan su ke kama ta su ba gyaɗa da wake, gyaɗa da wake kuma su biya su da sukari. Kakanninmu da suka riƙa shuka wake a tsakanin gero ba su san sunan bakteriya ba, amma sun ga amfanin abin.

7. INDA ƘARFIN GONA YA KE TAFIYA

Yanzu muna iya amsa tambayarmu. Ƙarfin gona ta ƙofa huɗu ya ke fita.

Ta fari, girbi. Kowane dami da muka kai gida, da sinadaran gona a cikinsa. Mu kwashe hatsi, mu kwashe kara don danni da makamashi, mu kwashe harawa. In ba mu mayar da kome ba, gona ta zama kamar rumbun da a ke ɗiba ba a zubawa. Dā a kan bar gona ta huta shekaru, ta zama saura, ciyawa da itatuwa su mayar mata da ƙarfi. Yanzu mutane sun yi yawa, wurin hutu ya yi wuya.

Ta biyu, wuta. In muka ƙone karmami, toka ta rage, akwai kuwa fotash a cikinta. Amma naitirojin ya bi hayaƙi, abincin tana da bakteriya ya ƙone, ƙasa ta zauna tsirara.

Ta uku, zaizaya. Ɗigon ruwan sama yana dukan ƙasa da ƙarfi. In ba abin da ya rufe ta, sai ya farfasa ta, ruwa ya kwashe. Jan ruwan da mu ke gani yana gudu bayan an ɗauke ruwa, gonar wani ce ke tafiya. Abin da aka yi shekaru ɗaruruwa ana tarawa, ruwan dare ɗaya ya tafi da shi. Ƙaramar hanyar ruwa ta bana ita ce kwazazzabon baɗi. Iska ma ɓarauniya ce. Guguwar farkon damina ta kan kwashe laushin ƙasa, ta binne tsiron gero da yashi, sai an sāke shuka.

Ta huɗu, wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. Wannan ciyawa tana manne wa saiwar dawa da gero da masara tun tana ƙarƙashin ƙasa, tana tsotse su. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Guda ɗaya tana zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya jira cikin ƙasa fiye da shekara goma. Wanda ya bari ta yi fure ta bushe a gonarsa ya shuka wa 'ya'yansa wahala.

Fari kuwa ba mu da iko da shi. An yi yunwar Kakalaba a 1913 da 1914. An yi babban fari a 1973, aka sāke yi a 1984, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Amma in an yi ƙarancin ruwa, gona mai taki da itatuwa ta fi jurewa, gama tana riƙe ɗan abin da ta samu.

8. GAWO DA SASSABEN ZAMANI

A cikin itatuwan gona babu kamar gawo. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin ya ke zubar da nasa. Ganyen ya zama taki daidai sa'ad da shuka ke bukata, rassan kuma ba su tare mata rana. Da rani ya yi ganye, dabbobi su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a nan. Shi ma dangin wake ne, saiwarsa tana da bakteriyan nan. Ku duba geron da ke gindin gawo, ku gwada shi da na fili. Sarakunan Damagaram na dā sun hana sare gawo, suna hukunta wanda ya sare.

Bayan farin 1984, manoman ƙasar Maraɗi a Nijar suka kama wata dabara, tare da wani malamin gona mutumin Ostareliya, sunansa Toni Rinaudo. An lura cewa kututturan da a ke sassabewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a yanke saura, a riƙa yi musu aski. Da ya ke saiwar ta riga ta yi zurfi, sai itacen ya tashi da sauri, ba ban ruwa, ba kuɗi. Suna kiran wannan sassaben zamani. Dabarar ta bazu har ƙasar Damagaram. Masana sun ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan biyar a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200.

A ƙasar Tawa kuma manoma suna farfaɗo da fako. Da rani su haƙa ƙananan ramuka, su zuba taki cikin kowane. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya taru a ramin ya nutse, a shuka gero a ciki. Ana kiran ramukan nan tassa.

9. ABIN DA ZA MU YI

Mu kai taki gona kafin damina, na dabbobi da na juji, amma mu tsince leda da gwangwani da batir. Mu daidaita da makiyaya su kwana da shanu a gonakinmu da rani.

Mu bar wani abu na kara da karmami a gona, kada mu ƙone.

Mu riƙa juya shuka. Inda dawa ta zauna bana, gyaɗa ko wake ko waken soya su zauna baɗi.

In gona tana da gangare, mu yi kunya a gicciye, kada ta bi gangaren. Kunyar da ta gitta tana tare ruwa ya nutse. Mu jera duwatsu a bakin ƙaramar zaizaya tun ba ta zama kwazazzabo ba.

Mu tuge wuta-wuta kafin ta zubar da iri, mu tara ta waje ɗaya mu ƙone. Wannan aikin gayya ne, gama irin gonar maƙwabci ba ya tsayawa a kan iyaka.

In mun sayi takin zamani, mu binne shi kusa da shuka sa'ad da ƙasa ke da laima. Yana ba da sinadari, amma ba ya riƙe ruwa, ba ya ciyad da tana. Ya fi amfani in an haɗa shi da takin gida.

Mu bar tohon gawo da sauran itatuwa masu amfani su tashi, mu tsare su daga awaki da gatari.

Gonar da ta gaji ba ta farfaɗowa a shekara ɗaya, kamar yadda ba a shekara ɗaya ta gaji ba. Amma duk wanda ya soma bana, baɗi zai fara ganin alama. Gonakin nan gādonsu muka yi, mu ma kuwa za a gāje mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.

TAMBAYOYI

1. Daga ina ruwan rijiya ya ke fitowa?
2. Waɗanne abubuwa uku ganye ke haɗawa ya yi sukari?
3. Mene ne aikin ƙulle-ƙullen da ke saiwar gyaɗa?
4. Ku faɗi ƙofofi huɗu da ƙarfin gona ke fita ta cikinsu.
5. Don me gero ke yin kyau a gindin gawo?
6. Kowa ya zo da ƙasar gonarsa a kwalba ranar aji mai zuwa, mu gwada, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani cikin layi uku.